Mabuɗin da Ke Mazagin Wandon Kawu

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Alhamis bayan azahar, cikin tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi da zazzaɓi, ran na biyar ya ce a juya shi ya fuskanci gabas, ya yi kalmar shahada sau uku da muryar da aka ji har zaure. Ina da dalilin fara maganata da wannan, kuma za ku ji shi.

Mutane sun zo. Mota biyu aka cika daga Gummi. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Anka, mutanen Adabka kuwa bisa babura suka iso, laka har gwiwa. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta zauna tsakar gida tana ta maimaita magana guda: "Wa ka raba muna gardama yanzu?" Wani Bafulatani da Kawu ya taɓa sasantawa da manoma ya tsaya bakin zaure, ya kasa shiga, ya jingina haɓa bisa sandarsa hawaye na bin gemu. Limamin gari, wanda sa'ar Kawu ne, ya ce da ni, "Shekara arba'in muna ja-in-ja da shi. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai dai taurin kai."

Amma akwai waɗansu da suka zo suka tsaya nesa, ƙarƙashin durumin bakin masallaci. Da aka ta da sallar gawa ba su shiga sahu ba. Na ƙidaya su da idona, na san ubannin wasunsu, kuma akwai wanda a zauren Kawu ya koyi alwala.

Abin da ya tsayar da su nesa ɗan ƙaramin abu ne, bai kai tsawon yatsa ba. Mu uku muka yi wa Kawu wanka: ni, da babban ɗansa wanda yake taubashina, da ladanin unguwa. Da muka zo zare wandonsa a ƙarƙashin mayafi, sai ga mabuɗi ɗaure a bakin mazagi. Ƙullin ya sha gumi da shekaru har ya zama kamar ƙwallon goriba, farce ba ya kwance shi. Ladan ya ce, "Wanga na mi na?" alhali ya sani sarai, duk garin an sani. Taubashina ya sa reza ya yanke igiyar, ya jefa mabuɗin aljihu.

Bakin ladan kuwa ba ya riƙe ruwa. Kafin a gama ɗinka likkafani magana ta kai kasuwa, wai Malam ya mutu da mabuɗin coci ɗaure a ƙugu. Zuwa magariba mabuɗin ya zama gicciye. Kafin sadakar uku an ƙara masa da Linjila ƙarƙashin matashi. Ni na ɗaga wannan matashin da hannuna, ba abin da ke ƙarƙashinsa sai tasbaha da rabin goro.

To, mabuɗin coci ne, ban zo musu ba. Na ɗauki alƙalami ne don in faɗi yadda aka yi ya zo ƙugun Kawu, don kada 'ya'yanmu su tashi su ji labarinsa daga bakin masu tsayuwa ƙarƙashin durumi.

Kawu malamin zaure ne, manomi, kuma mai ɗinkin gafaka, wato jakar fatar da ake sa littafi. Duk wanda ya shiga zaurensa zai same shi da basilla a hannu, warin jima na tashi, yana ɗinki yana gyara wa ɗalibi karatu ba tare da ya dubi littafin ba. Farin goro kaɗai yake ci, ya ce ja na masu gaggawa ne. Ni Ticha yake kirana, don ina koyarwa a wata firamare wajen Bukkuyum, kuma bai taɓa faɗin kalmar ba tare da ɗan murmushin tsiya ba. In na kawo wata magana ta boko sai ya ce, "Ticha, ka gani da ido ko an hwaɗa maka?" In na ce a littafi na karanta, sai ya ce to mai littafin ya gani, ni kuwa saura.

Shi ya gani. Yana saurayi ya bi ayarin masu tafiya Makka da ƙafa, shekara bakwai ya yi kafin ya dawo. Guzurinsa ya ƙare a Sudan, ya tsaya Umdurman neman aiki, Allah ya haɗa shi da wani Bayahude mai sayar da yadi. Shekara biyu ya yi a gidan mutumin nan yana dako, yana shara, yana kwana a shago. Wannan labarin mun ji shi ya fi sau ɗari, kuma kullum daga wuri guda yake fara shi.

"Ran Jumu'a da rana taf faɗi, sai gidan shi yi tsit. Ba a hura wuta, ba a ɗinki, ba a ciniki. Ko mai saye yaz zo da buhun zinari sai shi koma, har taurari su hito ran Asabar. Ni ka hura masu wuta. Kuma ba su ce maka hura kai tsaye, wai bai halatta su sa ka ba. Sai uwargidan ta gitta kusa gare ni da sahe ta ce ma iska, 'Yau shayi ya yi sanyi.' Ni kau in tashi."

Daga nan sai ya shiga jero abin da ya gani. Allah ɗaya suke bautawa, ba su yarda a zana shi ko a sassaƙa shi ba. Attaurar Annabi Musa a naɗe take kamar tabarma, da hannu ake rubuta ta bisa fata, kuma ba a taɓa rubutun da yatsa. Sau uku suke salla a yini suna fuskantar Ƙudus, jam'insu ba ya cika sai da maza goma. Ran kwana takwas suke yi wa jariri kaciya. Ba su cin alade, ba su cin mushe, suna da mahaucinsu, kuma tukunyar nama daban ta madara daban. Sau ɗaya a shekara suna da wani babban azumi daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha. Akwai makon da ba su cin gurasa mai yisti, don tuna ranar da kakanninsu suka fito Masar da gaggawa, ƙullu bai tashi ba. Gawarsu ba ta jira, farin ƙyalle ne likkafaninsu, sannan dangi su zauna ƙasa kwana bakwai ana zuwa yi musu gaisuwa. Har yau suna jiran Almasihu, ba su yarda ya zo ba.

Ya ce tun da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus suka watsu duniya, wasu Yaman, wasu Maroko, wasu Bagadaza, wasu Turai, kowa da harshen inda ya sauka, amma Asabar guda. "Su rijiyar cikin gida na," in ji shi. "Ba su kai ruwansu kasuwa. Shekara biyu nic ci tuwon mutumin ga, bai taɓa ce mani shigo addinina ba. Amma in lokacin salla ya yi ina cikin aiki, shi ka ce mani aje ka tahi."

Nasara kuwa, ya ce, masu talla ne kamar mu. A Sudan ɗin ya fara zama da su, Kibɗawan Masar da Habashawa, baƙaƙe kamarmu, masu azumin da ya fi wata ba nama ba nono. In ya zo nan sai ya ajiye basilla, ya share ƙasar zaure da tafin hannu, ya dangwala yatsa. Nan Ƙudus, nan aka fara, kuma na farkon duk Yahudawa ne da suka ce Almasihun da ake jira ya zo, shi ne Isa ɗan Maryamu. Sun ce Ɗan Allah ne, an gicciye shi ya mutu don zunubin mutane, ran na uku ya tashi, kuma ranar Lahadi ce, shi ya sa suka riƙe ta. Sun ce Allah ɗaya ne amma uku ne, Uba da Ɗa da Ruhu. Mai shiga addininsu da ruwa ake shigar da shi, a tsoma shi ko a zuba masa a ka. Suna gutsura gurasa su kurɓi ruwan inabi don tuna cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa. Kawu ba ya rage musu komai in yana faɗi, ba ya kuma ƙara musu. In ya gama sai ya ce, "Wanga shi na abin da sunka ce. Mu kau mun ce Annabin Allah na, bawanai na, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Nan munka rabu."

Sai yatsa ya ci gaba da jan layi. Daga Ƙudus zuwa Sham, zuwa Masar, zuwa Habasha, zuwa Rum, duk da ƙafa da jirgin ruwa. Sarakunan Rum suka yi ta kashe su, daga baya wani sarkin ya shiga cikinsu, mulki ya koma hannunsu. Suka yi ta rarrabuwa, masu bin Fafaroma da masu cewa littafi kaɗai ya ishe su, da na gabas masu nasu shugabannin. "Kun ɗauka Bature yak kawo shi duniya? Habasha na Nasara tun kakannin Bature na bautar itace. Kuma sarkinsu ne yab ba sahabbai mahwaka sadda 'yan'uwansu na jini sunka kore su." Daga Turai layin yake kewayowa ta teku zuwa kudancin ƙasarmu, ya hau kogi, ya bi layin dogo zuwa Gusau, ya ratsa ƙasar Zuru da ɗakin shan magani da makaranta. Ƙarshen layin kullum wuri guda ne. "Namu ta hamada yaz zo bisa raƙumi, nasu ta ruwa yaz zo cikin jirgi, munka gamu kasuwar Gummi muna sayen gishiri."

Wani ɗalibi ya taɓa ce masa, "Malam, mi an amfanin sanin ɓata?" Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Wanda bai san abin da maƙwabcinai ka yi ran Lahadi ba, da shi ji ganga sai shi ɗauka yaƙi na."

Maƙwabcin da yake nufi kuwa kowa ya san shi. Wani tsohon soja ne, mutumin ƙasar Zuru, da ya sauka garinmu bayan yaƙin basasa ya kafa injin niƙa. Saje muke ce masa. Shi ne dattijon cocin da ke bayan kasuwa, ɗan ɗakin ƙasa mai rufin kwano, benci shida da ganga ɗaya. Masu zuwa ba su da yawa: manoma 'yan'uwansa, da mai kantin magani, da wata ma'aikaciyar jinya. Shekara fiye da ashirin Kawu da Saje suna dara bayan la'asar, kuma ban taɓa ganin an tashi wasan ba a yi gardamar addini ba. Kawu zai dasa ɗan itace a gurbi ya ce, "Saje, Allah bai haihuwa, ka dai yi tunani." Saje ya ce, "Malam, ka dubi gidanka, na ci maka biyu kana wa'azi." Babu wanda ya ja wani ko taku ɗaya, kuma babu ranar da ɗaya ya ƙi zuwa.

Shekarar da aka kawo shari'a jiharmu Kawu ya yi murna, har Gusau ya je taro da sabuwar rigarsa. Amma bayan 'yan watanni sai labarin tashin hankali ya riƙa zuwa daga manyan garuruwa masu nisa. Zan faɗi gaskiya, a garinmu ba wanda aka taɓa. Sai dai tsoro ba ya jiran a taɓa mutum. Mai kantin magani ya fara tafiya, ma'aikaciyar jinya ta nemi canjin wuri, manoman suka bi bayan girbi. Saje ne na ƙarshe. Ina zauren ranar, da hantsi, motar kayansa na tsaye bakin hanya da injin niƙan ɗaure a sama. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ajiye mabuɗi gaban Kawu.

"Malam, ɗiyana sun matsa in koma gida. Ga mabuɗin ɗakinmu. Ban yarda da kowa ba sai kai."

Kawu ya dubi abin. Ya ce, "Ka san ban yarda da abin da kuka yi ciki ba."

"Na sani. Don hakanan nik kawo maka. Kai ba ka ce mani i da baki, ka ce a'a da ciki."

"Mi kaka so in yi da shi?"

"Ka aje. In baƙo yaz zo shina biɗar wurin addu'a ran Lahadi, ka buɗe mai. In na dawo in amsa."

Kawu ya ɗaga riga, ya jawo bakin mazagin wandonsa, ya ɗaure mabuɗin da ƙulli uku. Tun daga ranar, in za a wanke wandon, mazagin ake zarewa a zura a wani. Ƙullin dai ba a kwance shi ba.

Shekara biyu ba wanda ya tanka, don ba wanda ya zo. Sai aka kawo masu haƙar rijiyar burtsatse, cikinsu akwai Kirista uku. Suka tambaya a kasuwa ina ake addu'a, wasu 'yan shaƙiyanci suka nuna musu gidan Malam, suna jiran su ga abin dariya. Sun kuwa gani. Ran Lahadi da safe Kawu ya ɗauki sandarsa, baƙin nan uku na biye, ya ratsa tsakiyar kasuwa har ƙofar coci. Da yake ya rantse ba zai kwance ƙullin ba, sai ya tattare babbar riga, ya matsa jikin ƙofa, ya yi ɗage bisa yatsun ƙafa har mabuɗin ya kai ga kwaɗon. Ya buɗe, ya ce musu in sun gama su danna kwaɗon ya kulle kansa, ya juya ya tafi. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofar nan ba, ko ranar ko bayanta. Amma duk kasuwa ta ga malami mai furfura yana ɗage a ƙofar coci ran Lahadi, kuma wannan hoton ne ya bi shi har kabari.

A makon ne taubashina ya zo masa da samari biyar. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai ibada, ya yi karatu a Sakkwato, kuma yana da hujja: ɗakin Islamiyyar yara yana yoyo, ga ɗaki mai kwano a kulle ba mai shiga. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka ba mu mabuɗin ga. Masu shi sun tahi, ba su dawowa. Kai kau kana taimakon shirka da hannunka, mutane na zunɗen mu."

Kawu bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Shari'ar da munka tahi Gusau muna kabbara dominta, wane babi nata yac ce a ci amana in mai ita ba Musulmi na ba? Buɗe ka nuna mani, in ba ka yanzu."

Ɗaya daga cikin samarin ya ce ai ana iya fasa kwaɗon ko ba mabuɗi. Nan Kawu ya ajiye basilla. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Ana iyawa. Guduma na nan bayan ƙyaure, ɗauka. Amma ni za ka iske tsaye bakin ƙohwar, sai ka hwara da ni. Ni ban aje masu addini ba, ƙohwa nika aje masu. Yara kau in wurin karatu sunka rasa, ga zaurena."

Haka aka yi. Ya kwashe fatunsa da littattafansa ya koma rumfar tsakar gida, yara suka cika zauren, har yau nan suke karatu. Amma garin bai yafe masa ba. Ɗalibansa manya suka ragu da rabi. Aka daina kiransa raɗin suna da ɗaurin aure, shi da a da ba a yanka rago a unguwar sai ya iso. Na sha zuwa in same shi da safe ranar sunan wani maƙwabci, ya sa hularsa ta fita, yana zaune bisa buzu wai ɗinki yake, kunnensa na ƙofa. Ba mai sallama. In rana ta ɗaga sai ya cire hular ya mayar cikin kwando. Wannan abin ya ci shi ƙwarai, kuma ni ma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Kada in wanke kaina. Ni ma na taɓa ce masa ya aika wa Saje abinsa ya huta. Ya ce, "Ticha, cewa yay yi in na dawo in amsa. Bai ce aiko ba." Wata shekara iska ta ɗage kwano ɗaya na rufin cocin, ya ba ni ƙusa da guduma ya ce in je in buga. Na je, amma sai da na jira tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, na bi ta bayan gari kamar ɓarawon akuya. Da na dawo ya tambaye ni ta ina na bi. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Tau, kwanon dai ya zamna." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa da ya rasu na kasa yin shiru. Ran sadakar uku na ja taubashina gefe na ce ina mabuɗi. Tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, bawana nake ce masa, shi ma haka, amma ranar ba wanda ya yi dariya. Ya ce, "Abin ga ya ɓata sunan ubana da rai, ya hana mutane yi mai salla. Gulbi za ni jehwa shi, magana ta ƙare." Na ce ba naka ba ne balle ka jefar. Ya ce ba nawa ba ne ni ma. Muka rabu a haka. Da yamma na sami direban motar da ke zuwa cin kasuwa ƙasar Zuru, na ba shi saƙo: a nemi tsohon soja mai injin niƙa, a ce masa abokin dararsa ya rasu.

Ran kwana bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, zaure da ƙofar gida cike da mutane, sai ga babur ya tsaya. Wani magidanci ya sauko da tsoho, yana riƙe da hannunsa. Saje ne, ya rame, idanunsa sun yi fari da yana. Ya cire takalmi tun daga bakin hanya, ya tako cikin laka da ƙafa, ya zauna ƙasa gefen tabarma. Aka matsa masa ya hau, ya ƙi. Har masu tsayuwa ƙarƙashin durumi sun matso, don su ba a barin su a baya wajen kallo.

Ya yi gaisuwa yadda muke yi, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Sannan ya ce, "Ina da ajiya wurin Malam."

Taubashina ya sunkuyar da kai. Sai muryar Inna, mahaifiyata, ta fito daga bayan asabarin zaure, inda mata suke. Tsohuwa ce, ba ta saba magana cikin maza ba, amma ranar ba ta nemi izinin kowa ba.

"Ɗan yayana, da kai nika. Ubanka ya rasa ɗalibai, ya rasa goron suna, ya rasa sahu bisa gawatai, dud don kada a ce ya ci amana. Kai ka so ka ci mai ita shina kwance cikin ƙasa? In ka jehwa gulbi hwaɗi muna, in kau tana aljihunka, hiddo."

Ya ce, "Gwaggo..." Ya sa hannu aljihu. Ashe kwana bakwai yana yawo da shi, ya je bakin gulbin har sau biyu, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya kasa. Ya tashi ya sa wa Saje a tafin hannu, da guntun mazagin da ƙullin nan uku.

Tsohon ya shafa mabuɗin, ya shafa ƙullin, ya daɗe yana murza shi da yatsa. Ya ce, "Wanga ƙullin gabana anka yi shi." Sai ya fashe da kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti sai kafaɗa. Mutane da yawa suka dubi ƙasa. Liman ya ɗaga murya yadda na ƙarƙashin durumi za su ji, ya ce, "Tau, kun ga gicciyen da anka ce."

Na ɗauka magana ta ƙare nan, amana ta koma hannun mai ita. Sai Saje ya share fuska ya ce, "Ni ba ni dawowa, kun ga yadda nike. In na tahi da shi Zuru, ƙohwar ga ta ruhe ke nan har abada. Baƙi kau ba su ƙarewa, ga shi an ce masu haƙar zinari sun hwara shigowa dajinku daga ko'ina. Cikin gidan Malam, akwai mai riƙe mani?"

Ya miƙa hannu cikin iska, don ba ya ganin inda muke. Na dubi taubashina, ya girgiza kai a hankali, kuma ban ga laifinsa ba, ya yi iyakar abin da zai iya. Na dubi sauran 'ya'yan Kawu, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Na san abin da ke cikin hannun nan: hular da za a sa da safe a cire da hantsi, da sahun da zai yi giɓi. Na kuma tuna hanyar bayan gari da na bi da guduma a ɓoye cikin riga.

Na tashi na karɓa. Ban kai shi aljihu ba. A gaban liman da ladan da mutanen durumi na ɗaga rigata, na jawo mazagi, na ɗaura shi kusa da guntun na Kawu, ƙulli uku.

Sau huɗu na buɗe ƙofar nan daga lokacin zuwa yau, kuma ta tsakiyar kasuwa nake bi. Na fi Kawu tsawo, ba sai na yi ɗage ba. Ban taɓa shiga ran Lahadi ba, ban yarda da abin da ake faɗi a ciki ba, kuma duk wanda na buɗe wa ya tambaye ni sai in gaya masa haka. An fara mantawa da ni wajen raɗin suna. Taubashina dai yana kirana nasa, kuma ya koma ce mini bawansa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya sa shahadar da muka ji har zaure ta zama ita ce ta tarbe shi. Waɗanda suka ƙi shiga sahunsa, Allah ya ba su masu shiga nasu.

Saura kai da za ka yi mini wanka, ko wane ne kai. Za ka sami mabuɗi a ƙuguna. Ba sai ka tambayi na mene ne ba, ba kuma sai ka rage murya ba. Na cocin bayan kasuwa ne, ajiyar wani tsohon soja ce, daga hannun Kawuna na gaje ta. Ka fita da shi zaure ka ɗaga kowa ya gani, sannan ka tambaya ko akwai mai riƙewa.